Abubakar Imam: Marubucin da Ya Naɗa Aku Waziri

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Makarantar Midil ta garin. A 1933 aka sa gasar rubuta hikaya da Hausa, ya shiga da Ruwan Bagaja. Ganin gwanintarsa ya sa Dakta East ya gayyace shi Zariya, a can ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku.

Da yawanmu muna karanta littafin nan don dariya ko don jarrabawa, alhali siyasa ce fal a cikinsa. Mu tuna yadda labarin yake. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri, wanda ya fi kowa kusa da Sarki, shi ne ya haɗa baki da abokan gaba don ya gaje sarautar. Aku ba shi da takobi, ba shi da dakaru. Da labarai kaɗai ya riƙa tsare Musa a gida, dare bayan dare, har Sarki ya dawo. Asirin Waziri ya tonu, aka ba aku kujerarsa.

Ashe wanda shugaba yake saurara shi ke gyara ƙasa ko ya ɓata ta. Haka yake a fada jiya, haka yake a gidan gwamnati yau.

Imam bai tsaya ga hikaya ba. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya shekara fiye da goma yana sanar da talaka abin da masu mulki ke ciki, yana kuma kai musu kukansa. A 1943 yana cikin 'yan jaridar Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila. Ya rasu a Zariya a 1981.

Yau kowa da waya a hannu, magana ɗaya a Facebook tana iya tada husuma a gari. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, kafin mu rubuta komai, mu tambayi kanmu: aikin aku za mu yi, ko na Waziri?

Allah ya jiƙan Malam Abubakar Imam, amin.