Jérôme Lejeune: Likitan da ya kwashe shekaru masu yawa yana yaƙar abin da bincikensa ya haifar

A ranar 22 ga watan Agusta na shekarar 1997, Fafaroma John Paul na biyu yana tsakiyar ziyarar babban taron matasan Katolika na duniya a birnin Paris, sai ya ware ɗan lokaci ya nufi wani ƙauye mai suna Chalo-Saint-Mars da ke kudu da birnin. Ya je ne don yin addu'a a kan kabarin wani likita da ya rasu shekaru uku kafin nan. Ƙungiyoyin kare haƙƙin mata da wasu ƴan siyasar Faransa sun yi tir da ziyarar, suna ganin tamkar tsokana ce ga dokar ƙasarsu. Fafaroman bai fasa ba, domin mamacin amininsa ne.

Mai kabarin shi ne Farfesa Jérôme Lejeune, wanda sunansa ke manne da gano musabbabin lalurar Down, wadda likitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci ke kira trizomi 21. Har yau wasu na kallonsa a matsayin waliyyi, wasu kuma na ganin mai tsattsauran ra'ayi ne da ya tauye wa wata mace haƙƙinta.

An haife shi ranar 13 ga watan Yuni na 1926 a Montrouge, daf da Paris, a gidan mabiya ɗarikar Katolika. Burinsa na ƙuruciya shi ne ya zama likitan karkara. Bayan ya kammala karatun likitanci a Paris, sai ya samu gurbi a ƙarƙashin Farfesa Raymond Turpin, ya kuma shiga cibiyar binciken kimiyya ta ƙasa, CNRS, a 1952. A shekarar ce ya auri Birthe Bringsted, ƴar ƙasar Danmak, wadda suka haifi ƴaƴa biyar tare.

Turpin ya ɗora shi a kan yaran da a wancan zamani ake kira da sunan mutanen Mongoliya, saboda yanayin idanunsu. Wani likitan Ingila, John Langdon Down, ya bayyana alamomin lalurar tun 1866, amma kusan shekaru casa'in bayan haka babu wanda ya san daga ina take. Inda ilimi ya gaza, zargi ne ke cike gurbin. Ana raɗe-raɗin cewa cutar sanyi ce ta iyaye, ko shaye-shaye, ko wani aibu a zuri'a. Iyaye da yawa sukan ɓoye yaran a gida, ko su miƙa su gidajen reno su juya baya.

Kuromozom na 47

A cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai wasu siraran zaruruwa da ake kira kuromozom, su ne ke ɗauke da gadon da mutum ya samo daga iyayensa. An daɗe ana koyar da cewa guda 48 ne. Sai a 1956 masana biyu, Tjio da Levan, da ke aiki a ƙasar Suwidin, suka tabbatar da cewa 46 ne: 23 daga uwa, 23 daga uba, a jere biyu-biyu. Turpin ya jima yana zaton matsalar yaransa tana nan cikin waɗannan zaruruwa, amma ƙirga su sai an iya renon ƙwayoyin jikin mutum a ɗakin gwaji, kuma babu mai wannan ƙwarewa a sashensa.

A nan ne wata matashiyar likita, Marthe Gautier, ta shigo labarin. Ta dawo ke nan daga Boston a Amurka, inda ta koyi wannan aiki, ita ce kuma ta kafa ɗakin gwajin a Trousseau da ƴan kayan da ba su taka kara sun karya ba. A watan Mayu na 1958 aka ƙirga kuromozom na wani yaro mai lalurar, aka samu 47. Wanda ya ƙaru ɗin ɗan ƙarami ne, daga baya aka ba shi lamba 21: maimakon biyu, yaron na da uku. A ranar 26 ga Janairu na 1959 aka gabatar da sakamakon a mujallar makarantar kimiyya ta Faransa da sunaye uku, Lejeune a gaba, sai Gautier, sai Turpin. A watan Maris suka sake fitar da wani rahoto kan yara tara. Wannan ne karon farko da aka danganta wata lalura ta ɗan Adam da matsalar kuromozom.

Ma'anar hakan ga iyaye ba ƙarama ba ce. Kuskure ne da ke aukuwa lokacin rabuwar ƙwayoyin haihuwa, galibi a ƙwan mace, kuma yiwuwarsa na ƙaruwa idan shekarun uwa sun ja. Yana shafar kusan jariri ɗaya cikin dubu, a kowace ƙabila. Ba laifin uwa ba ne, ba laifin uba ba ne. Lejeune na cikin masanan da suka sa hannu a wata wasiƙa a 1961 suna neman a daina amfani da tsohon sunan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta watsar da shi a 1965 bayan ƙorafin ƙasar Mongoliya.

To amma wa ya fara ganin kuromozom ɗin? Shekaru hamsin Gautier ta yi shiru. A 2009 ta fito ta bayyana cewa ita ce ta shirya ƙwayoyin, ta kuma fara ƙirga 47, amma madubin da take aiki da shi ba ya ɗaukar hoto, don haka ta miƙa wa Lejeune gilasan gwajin ya je ya ɗauko hotuna, daga nan sai ta ji labarin ya bazu da sunansa. Hatta sunanta an rubuta shi ba daidai ba a rahoton farko. Gidauniyar da ke ɗauke da sunan Lejeune ta musanta, tana kafa hujja da littafin da yake rubuta aikinsa na kullum da kuma wasiƙun Turpin. A 2014 aka soke wata lacca da Gautier za ta yi a birnin Bordeaux bayan gidauniyar ta turo jami'an kotu su naɗi jawabin. A shekarar ce kwamitin ɗa'a na cibiyar binciken lafiya ta Faransa, Inserm, ya bayyana cewa da wuya a ce Lejeune ne ya taka rawa mafi girma a ainihin ganowar, ko da yake shi ne ya yayata ta a duniya. Gautier ta rasu a 2022 tana da shekaru 96. Masoyan Lejeune ba sa son a tayar da wannan zance, amma tarihinsa ba ya cika idan aka tsallake shi.

Abin da babu gardama a kai shi ne aikin da ya biyo baya. A 1963 ya bayyana wata lalurar da ake kira kukan kyanwa, saboda sautin kukan jariran, wadda ke faruwa idan wani yanki na kuromozom na 5 ya ɓace. Gidauniyar iyalan Kennedy ta Amurka ta karrama shi, a 1964 kuma aka ba shi kujerar farfesa ta farko a ilimin gadon halitta a tsangayar likitanci ta Paris, yana da shekaru 38. A asibitin Necker ya duba dubban yara, kuma iyaye sun shaide shi da haƙuri da sauraro.

Lokacin da gwaji ya riga haihuwa

Kafin ƙarshen shekarun 1960 likitoci sun gano yadda za su zuƙo ruwan mahaifa da allura, su reni ƙwayoyin ɗan tayi, su ƙirga kuromozom ɗinsa. Ke nan za a iya sanin yaro na da trizomi tun yana ciki. Tun da babu magani, abin da ya rage wa iyaye shi ne su riƙe cikin ko su zubar. Lejeune ya ga cewa hanyar da ya taimaka aka buɗe domin a warkar da yaransa ta koma hanyar hana su zuwa duniya.

A 1969 ƙungiyar masana gadon halitta ta Amurka ta ba shi lambar William Allan, mafi girma a fagen, a birnin San Francisco. Maimakon jawabin godiya, ya yi amfani da damar ya tuhumi abokan aikinsa kan inda wannan ilimi ya dosa, da kuma wanda ya ba likita ikon yanke wa ya cancanci a haifa. Iyalansa sun ce a ranar ya rubuta wa matarsa cewa ya yi asarar kyautar Nobel da bakinsa. Bai taɓa samunta ba kuwa.

Ƴarsa Clara ta ba da labarin wani yaro mai lalurar da ya kalli muhawara kan batun a talabijin, washegari ya zo asibiti ya rungume likitan yana kuka, yana roƙon ya kare su. Daga lokacin Lejeune ya shiga gwagwarmaya gadan-gadan. Ya yaƙi ƙudurin dokar da aka kai majalisa a 1970 don halatta zubar da ciki idan ɗan tayi na da babbar nakasa, ya zama mashawarcin kimiyya na ƙungiyar Laissez-les vivre. Bai yi nasara ba. A ranar 17 ga Janairu na 1975 dokar ministar lafiya Simone Veil ta fara aiki, ta halatta zubar da ciki har zuwa mako goma, da kuma a kowane lokaci idan likitoci suka tabbatar da cuta mai tsanani marar magani. Masu goyon bayan dokar suna da tasu hujja mai nauyi: mata na mutuwa a hannun masu zubar da ciki a ɓoye, masu kuɗi kuwa suna tsallakawa Ingila a yi musu cikin tsabta.

Hujjar Lejeune ɗaya ce, bai sauya ta ba har mutuwarsa. Da zarar maniyyi ya haɗu da ƙwai, duk bayanin da zai gina wannan mutum ya kammala, babu abin da za a ƙara sai abinci da lokaci, saboda haka mutum ne tun daga ranar farko, kuma aikin likita shi ne yaƙar cuta, ba kawar da majinyaci ba. Yana gabatar da wannan a matsayin kimiyya tsantsa. Masu sukarsa sun amsa cewa madubin likita na iya nuna kuromozom, amma ba ya nuna daraja ko haƙƙi, kuma imaninsa ne ke magana cikin rigar kimiyya. Matsayin nasa ya janyo masa ƙiyayya a jami'a da zagi a bangon gine-gine, abokan aiki da dama suka ja baya.

Ƴan tayi bakwai a gaban kotu

Roma ta buɗe masa ƙofa. An naɗa shi mamba a makarantar kimiyya ta Fafaroma a 1974. A ranar 13 ga Mayu na 1981 shi da matarsa sun ci abincin rana tare da John Paul na biyu, ƴan sa'o'i kafin Mehmet Ali Ağca ya harbi Fafaroman a dandalin Saint-Pierre.

A lokacin fasaha ta sake yin gaba. An haifi Louise Brown a Ingila a 1978, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwanta a ɗakin gwaji, sai Amandine a Faransa a 1982. A 1987 Vatikan ta fitar da takardar Donum Vitae: ta amince da gwajin ɗan tayi idan manufar kula da lafiyarsa ce, ta haramta idan share fagen zubarwa ne, ta kuma ƙi yarda da haɗa ƙwai a ɗakin gwaji ko da tsakanin miji da mata ne. Ba duk Kiristoci ne suka bi wannan layi ba. Majami'un Furotesta da dama sun amince ma'aurata su nemi haihuwa ta wannan hanya, kuma a Ingila babban limamin Anglika na York, John Habgood, ya goyi bayan dokar 1990 da ta ba da damar bincike kan ɗan tayi har kwana 14.

A 1989 wata shari'a ta kai Lejeune garin Maryville a jihar Tennessee ta Amurka. Wasu ma'aurata, Mary Sue da Junior Davis, sun rabu, suka bar ƴan tayi bakwai a daskare a asibiti. Matar na son a dasa mata su, mijin ba ya son a mai da shi uba ba da yardarsa ba. Dukiya ce za a raba, ko ƴaƴa ne za a ba wani riƙo? Lejeune ya ba da shaida cewa ƴan Adam ne, alƙalin kuma ya karɓi bayaninsa ya ba matar riƙo. Kotun ƙolin jihar ta ƙi wannan fahimta a 1992, ta ce ba mutane ba ne, ba kuma kadara ba ce, suna wani matsayi ne a tsakani, ta fifita haƙƙin mijin.

Duk tsawon wannan lokaci bai bar ɗakin gwaji ba. Ya yi imani cewa idan aka gano wane sinadari ne ƙarin kuromozom ɗin ke dagulawa a ƙwaƙwalwa, za a iya rage matsalar da magani, kuma ranar da aka samu magani gardamar zubar da ciki za ta mutu da kanta. Ya gwada hanyoyi da dama, ciki har da sinadarin folik. Bai samu abin da yake nema ba, kuma har yanzu babu maganin da ke kawar da lalurar, sai dai tiyatar zuciya da kulawa tun daga ƙuruciya sun tsawaita rayuwar masu ita matuƙa.

A ƙarshen 1993 aka gano yana da kansar huhu. A watan Fabrairu na 1994 Fafaroma ya kafa makarantar kare rai ta Vatikan, ya naɗa shi shugabanta na farko yana kan gadon jinya. Ya rasu da safiyar Lahadin Ista, 3 ga Afrilu na 1994, yana da shekaru 67.

Bayan rasuwarsa iyalai da almajiransa sun kafa gidauniya da asibitin duba masu lalurar a Paris. Tun daga 2011 akwai gwajin da ke gano trizomi daga jinin uwa kawai, ba tare da soka allura a mahaifa ba, kuma a ƙasashen Turai da dama mafi yawan iyayen da aka tabbatar musu da sakamakon suna zaɓar zubar da cikin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Maris a matsayin ranar masu lalurar, wato kuromozom na 21 sau uku. A watan Maris na 2024 Faransa ta shigar da ƴancin zubar da ciki cikin kundin tsarin mulkinta.

A Roma kuwa, binciken da aka buɗe a 2007 kan yiwuwar ayyana shi waliyyi ya kai mataki na gaba a ranar 21 ga Janairu na 2021, lokacin da Fafaroma Francis ya amince da cewa ya yi rayuwa ta nagarta abar koyi. A ƙa'idar Cocin Katolika, sai an tabbatar da wata mu'ujiza da aka danganta da shi kafin a ƙara matsawa gaba.