Vivien Thomas: Kafintan da ya buɗe hanyar yi wa jarirai fiɗar zuciya

An haifi Vivien Thomas a ranar 29 ga Agustan 1910 a jihar Louisiana ta Amurka. Baƙar fata ne, jikan bawa. Ya taso a birnin Nashville yana kafinta, yana tara kuɗin karatun likita, sai karayar tattalin arzikin da ta soma a 1929 ta cinye ɗan abin da ya ajiye a banki.

A 1930 ya samu aiki a ɗakin gwaje-gwajen likita Alfred Blalock a jami'ar Vanderbilt. Nan da nan ya ƙware wajen fiɗar dabbobi, amma albashin mai shara ake ba shi. Da Blalock ya koma asibitin Johns Hopkins na Baltimore a 1941, sai ya tafi da shi.

A can ne likitar yara Helen Taussig ta kawo musu matsalar jariran da ake haifa da wata nakasar zuciya mai ɗauke da sunan Fallot, likitan Faransa da ya yi bayaninta a 1888. Isasshen jini ba ya kaiwa huhunsu, sai leɓɓa da farce su yi shuɗi, yaro ya yi ta haki. Da yawansu ba sa kaiwa girma.

Thomas ya gwada dabara a kan karnuka wajen 200: a haɗa jijiyar da ke kai jini hannu da wadda ke kai shi huhu. Da kansa ya ƙera ƙananan kayan aikin.

Ranar 29 ga Nuwamban 1944 aka fara yi wa wata yarinya mai wata 15 wannan fiɗa. Thomas na tsaye bisa ɗan benci a bayan Blalock, yana nuna masa inda zai ɗinka. Shuɗin jikinta ya washe. Ko da yake ba ta yi tsawon rai ba, ɗaruruwan yara sun tsira bayanta.

Rahoton da aka buga a 1945 bai ambaci Thomas ba, fiɗar kuma ta ɗauki sunan Blalock da Taussig. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ya kwashe sama da shekara 30 yana horar da likitocin fiɗa. A 1976 jami'ar Johns Hopkins ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu ranar 26 ga Nuwamban 1985. Yau likitoci da dama na saka sunansa tsakanin na Blalock da Taussig idan suna ambaton wannan fiɗa.