Florence Nightingale: 'Yar masu kuɗin da ta ƙirga gawarwakin sojoji ta sauya aikin jinya

Da wuya a samu ɗalibar da ta wuce ta Makarantar Koyon Aikin Ungozoma ta Malumfashi, ko nas ɗin da ke aiki a Babban Asibitin Funtuwa, da ba ta taɓa jin sunan Florence Nightingale ba. Abin da aka fi riƙewa shi ne hotonta riƙe da fitila tana zaga majinyata cikin dare. Amma aikinta da ya fi ceton rayuka ta yi shi ne da alƙalami da lissafi, da kuma naci a kan tsafta.

An haife ta ranar 12 ga Mayu, 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, inda iyayenta Turawan Ingila suka je yawon buɗe ido, shi ya sa aka raɗa mata sunan garin. Mahaifinta mai dukiya ne, kuma shi da kansa ya koyar da ita harsuna da tarihi, ta kuma ƙware a lissafi. A 1837 ta ji a ranta cewa Allah Ya kira ta ga hidimar mutane. Da ta ce jinya take so, gidan ya rikice, domin a Ingila ta wancan zamani ana kallon jinya a matsayin aikin matan da suka rasa abin yi. Ta ƙi auren wani ɗan majalisa da ya daɗe yana nemanta, ta tafi Kaiserswerth a Jamus a 1851 ta yi watanni tana koyon aikin.

Yaƙin Kirimiya, wanda Birtaniya da Faransa da Daular Usmaniyya suka gwabza da Rasha, shi ya fito da ita. A watan Nuwamba na 1854 ta isa asibitin soja na Scutari, kusa da Istanbul, tare da mata 38. Barikin soja ne aka mayar asibiti, a kan magudanun bahaya da suka toshe. Majinyata na kwance a jere cikin kayan da suka jiƙe da jini, ga ƙwarƙwata, ga ɓeraye, babu isasshen sabulu ko bokiti. Likitocin soja ba su yi maraba da ita ba. Ta sa aka fara wanki da shara, ta buɗe madafa domin waɗanda ba sa iya cin abincin bariki, ta sayi riguna da kuɗin gudummawa.

Duk da haka mutuwa ba ta ragu ba. A hunturun farko sojoji sama da 4,000 suka rasu a wurin, kuma waɗanda taifod da kwalara da atini suka kashe sun ninka waɗanda raunin yaƙi ya kashe sau da yawa. Sai a watan Maris na 1855, da gwamnati ta turo kwamitin tsafta ya yashe magudanun, ya kwashe mushen dabbobi, ya gyara ruwan sha da hanyoyin iska, sannan adadin ya faɗi ƙasa warwas. Masu ba da labarinta sukan tsallake wannan gaɓa, alhali nan ne darasin da ita kanta ta ɗauka: tausayi da haƙurin mai jinya ba sa hana mutum mutuwa idan ruwan da yake sha gurɓatacce ne.

Da ta koma gida a 1856, ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr suka bi alƙaluman mamatan wata-wata. Ta zana su a wani da'irarren jadawali mai launi, yadda ko ɗan majalisar da ba ya son lissafi zai gane da kallo ɗaya. A 1858 ta zama mace ta farko a ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya.

Tunaninta a kan jinya yana cikin littafinta Notes on Nursing na 1859, wanda ta rubuta domin matan gida masu kula da marasa lafiya. A ganinta jiki ne ke warkar da kansa, aikin mai jinya shi ne ya samar masa da yanayin da zai yi hakan: iska mai kyau, ruwa mai tsafta, haske, shimfiɗa busasshiya, rashin hayaniya, da abinci a kan lokaci. Ta kuma matsa a kan sa ido, wato a lura da abin da majinyaci ya ci, da yadda ya kwana, da sauyin fuskarsa, a faɗa wa likita daidai ba da ƙiyasi ba. Ta daɗe tana ɗauka cewa wari da gurɓatacciyar iska ne ke haddasa cuta, kafin ilimin ƙwayoyin cuta ya kafu. Dalilin nata bai cika ba, amma maganin ya yi aiki.

Wannan littafi kamar da mu aka rubuta shi. A asibitocinmu 'yar'uwa ko uwa ko kishiya ce ke kwana a tabarma gefen gado, ita ke ciyarwa, ita ke wanke majinyaci. A ƙauyukan Bakori da Ƙafur da Ɗanja kuma yawancin jinya a ɗaki ake yinta. Duk wanda ya ga yadda sanƙarau ke bin cunkoson ɗaki mara taga lokacin zafi, ko yadda amai da gudawa ke biyo ruwan rijiya da damina, ya san abin da take nufi. Sai dai har yanzu ba kasafai ake zaunar da mai jinyar nan a koya mata komai ba.

A 1860 ta buɗe makarantar jinya a Asibitin St Thomas da ke Landan. Ta kuma kafa sashen koyon ungozoma a Asibitin King's College, amma zazzaɓin bayan haihuwa ya riƙa kashe masu jego, aka rufe shi a 1867. Ta bi alƙaluman, ta wallafa su a 1871, inda suka nuna cewa cunkusa masu haihuwa kusa da sauran majinyata na ƙara musu haɗari. Shekaru da dama kuma ta yi tana rubutu a kan ruwan sha da ban-ruwa da bashin da ke danne manoman Indiya, ƙasar da ba ta taɓa takawa ba.

Ba mace ce mai sauƙin hali ba. Takan gajiyar da abokan aikinta, kuma ta yi adawa da yi wa ma'aikatan jinya rajista, domin a wurinta jarrabawa ba ta auna hali. Yawancin wannan aiki daga kan gado ta yi shi, saboda zazzaɓin da ta kwaso a Kirimiya bai taɓa sakinta gaba ɗaya ba.

Makarantar St Thomas ɗin ce ta horar da Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta Najeriya a 1965. Nightingale ta rasu ranar 13 ga Agusta, 1910 tana da shekara 90. An yi tayin binne ta a Westminster Abbey tare da manyan ƙasa, danginta suka ƙi, aka kai ta maƙabartar ƙauyen East Wellow kusa da iyayenta.