Dakta Barau Dikko, Likitan Farko Ɗan Arewa

 Da aka ce mu kawo tarihin wani babban mutum a takardar bikin shekarar nan, sai muka tuna da sunan da ke jikin wani asibiti a Kaduna, Barau Dikko. Da yawanmu mun taɓa zuwa dubiya can, amma ba mu tambayi ko wane ne mai sunan ba.

An haifi Russell Aliyu Barau Dikko a ƙasar Zazzau a 1912. Kirista ne, daga jama'ar nan da aka sani da Wusasa. Ya fara karatu a makarantar mishan ta Dakta Walter Miller, Baturen da shi ma likita ne. Daga nan sai Kwalejin King's a Legas, sai Jami'ar Birmingham a Ingila, inda ya karanta likitanci. Kafin shi babu ɗan Arewa ko ɗaya da ya zama likitan asibiti. Ko ɗaya fa, duk faɗin Arewa!

A 1940 ya kama aikin gwamnati. Likitan wancan zamani ba shi da zaɓi: shi ne mai tiyata, shi ake tasowa cikin dare in naƙuda ta gardama, da safe kuma ga layin masu gyambo da ciwon ido. Ga mutane na tsoron asibiti, ana ganin wanda aka kai ba ya dawowa. Mu da muka taɓa riƙe 'yar uwa a bayan mota daga ƙauyukan Gwaram zuwa Birnin Kudu tana zubar jini, mun san amfanin likitan da ke jin Hausa, wanda mace za ta gaya wa inda ke mata ciwo ba sai da tafinta ba. Ya yi ta hawa har ya zama babban sakatare a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa.

To, abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne bai tsaya a asibiti ba. A 1948 yana cikin waɗanda suka tara 'yan boko a Zariya, taron da ya haɗu da na Kaduna aka sami Jam'iyyar Mutanen Arewa. A 1949 aka zaɓe shi shugabanta, ga su Malam Abubakar Imam da Malam Aminu Kano a ciki. Musulmi ne suka fi yawa, amma suka sa shi gaba. A lokacin ba jam'iyyar siyasa ba ce, ƙungiya ce ta yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci. Mu da muke zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan an tashi daga kasuwa, wannan ya yi mana daɗi ƙwarai. Da ta rikiɗe ta koma siyasa a 1951, sai ya sauka, don doka ta hana ma'aikacin gwamnati siyasa. Ya riƙe aikinsa na likita.

A 1967 Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma ya tashi a Wusasa, ya naɗa shi Kwamishinan Ma'adinai da Lantarki na Tarayya, daga baya ya koma Sufuri. Nan ba mu da abin cewa da yawa, mu likitan muke nema.

Ya rasu a 1977. Asibitin da ke ɗauke da sunansa yanzu asibitin koyarwa ne na Jami'ar Jihar Kaduna, ana yaye likitoci maza da mata. Mu ma nan Birnin Kudu ga kwalejin koyon jinya da ungozoma a ƙofar gidanmu, amma 'ya'yan mambobinmu da suka ci jarrabawa wasu na zaune a gida saboda kuɗin rajista. Maganar ware musu wani abu daga ribar bana tana cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa, kowace ta zo da katinta.