Ayrton Senna: Direban da ya fi kowa sanin matsattsun titunan Monaco

A ranar 31 ga Mayun 1992, saura zagaye uku a kammala tseren motoci na Formula 1 a Monaco, Nigel Mansell ɗan Ingila ya manne wa bayan motar Ayrton Senna. Motar Mansell ta Williams ta fi gudu, tayoyinsa sababbi ne, kuma shi ya lashe duka tsere biyar na farkon kakar. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya rasa kafar wucewa. Senna ya riga shi tsallake layi da tazarar daƙiƙa 0.215 kacal.

Har yau, idan ana muhawara kan wahalar shan gaban mota a tseren da ake yi a titunan cikin gari, wannan rana ake fara tunawa.

An haifi Ayrton Senna da Silva ranar 21 ga Maris, 1960, a birnin São Paulo na Brazil, a gidan masu hali. Yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa, Milton, ya haɗa masa ƙaramar motar wasa mai inji. Ya fara shiga gasar irin waɗannan ƙananan motoci yana da shekara 13, ya kuma zama zakaran Kudancin Amurka a 1977.

A 1981 ya koma Ingila neman sa'a. Bayan shekara biyu ya lashe gasar Formula 3 ta Birtaniya, sannan ya je Macau ya ci tseren da ake yi a titunan birnin, inda wata kwanar faɗinta bai wuce mita bakwai ba. Tun daga nan aka gane yaron ba ya tsoron bango.

Kafin direba ya sha gaban wani a tsere, yana buƙatar doguwar miƙaƙƙiyar hanya da zai ɗebi gudu, da kwanar da ke tilasta taka birki sosai, da faɗin da motoci biyu za su jera. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, na son sabon filin tsere ya kai aƙalla mita 12 a faɗi. Titunan Monaco, da aka fara tsere a kansu tun 1929, ba su kai haka ba a wurare da dama, ga shi motocin zamanin Senna kowace na kaiwa mita 2.15.

Zagayen bai wuce kilomita 3.3 ba, hawa da gangara, da ramin ƙarƙashin otal, da wata kwana mai kama da ƙugiya da dole a sassauta zuwa ƙasa da kilomita 50 a awa. Shingen ƙarfe na dab da taya ta ko'ina. Wanda ya kauce wa layin da kowa ke bi zai hau ƙura da ɓarɓashin taya, motar ta ƙwace masa. Shi ya sa wanda ya fi gudu a gwajin da ake yi kafin ranar tsere, ya samu gurbin farko, ake cewa ya ci rabin gasar. Senna ya samu wannan gurbi sau biyar a Monaco.

Sai dai a karon farko da ya je can, a 1984, daga gurbi na 13 ya tashi, a motar Toleman da ba ta cikin manya. Aka kece da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ruwa kan rage amfanin ƙarfin inji, ya bar direba da iyawarsa. Senna ya riƙa wuce motoci ɗaya bayan ɗaya, har da ta Niki Lauda, ya koma na biyu yana cim ma Alain Prost ɗan Faransa. Aka dakatar da tseren saboda ruwan, aka ɗauki sakamakon zagaye na 31, Prost ya yi nasara. Amma sunan sabon direban ne ya cika bakunan mutane.

Ya koma Lotus a 1985, ya ci Monaco karon farko a 1987, sannan ya shiga McLaren, inda ya tarar da Prost. A gwajin Monaco na 1988 ya bar Prost da daƙiƙa 1.427 a mota iri ɗaya, tazarar da ba kasafai ake gani ba. A ranar tseren yana gaba da kusan daƙiƙa 50, tawagarsa ta nemi ya sassauta. Hankalinsa ya ɗan gushe, ya daki shinge a kwanar Portier a zagaye na 67. Ya fito daga motar ya wuce gidansa da ke kusa, bai koma wurin abokan aikinsa ba sai bayan sa'o'i.

Bai sake faɗuwa a Monaco ba. Ya ci sau biyar a jere daga 1989 zuwa 1993, jimilla shida, ya zarce Graham Hill mai biyar. Babu wanda ya kamo shi har yanzu.

Ba duk titunan gari ba ne matsattsu. A Phoenix ta Amurka a 1990, inda tituna ke da faɗi, Senna ya wuce Jean Alesi a wata kwana, Alesi ya rama a kwana ta gaba, sai a zagayen da ya biyo baya Senna ya ƙwace gaba ya tafi. Faɗin titi ne ya ba su damar wannan musaya. Shekara biyu bayan haka a Monaco, lokacin da matsalar taya ta tilasta wa Mansell tsayawa ya dawo a baya, abin da Senna ya yi kawai shi ne ajiye motarsa inda ya kamata a kowace kwana, bai bar ko taku ɗaya ba.

Ya kuma ci tseren titunan Detroit sau uku, Phoenix sau biyu, Adelaide ta Ostireliya sau biyu. A jimlace ya ci tsere 41, ya tashi a gurbin farko sau 65, ya zama zakaran duniya a 1988 da 1990 da 1991.

Bai tsira daga suka ba. Abokan hamayyarsa sun sha zarginsa da cusa mota inda babu wuri, ya bar wa ɗayan zaɓin kaucewa ko karo. A Suzuka ta Japan a 1990 ya yi karo da Prost a kwanar farko, abin da ya ba shi kambun shekarar, daga baya kuma ya amsa cewa da gangan ya ƙi ɗaga ƙafa.

Ajalinsa bai same shi a matsattsen titi ba. Ranar 1 ga Mayun 1994, a filin tsere na Imola a Italiya, motarsa ta Williams ta ƙwace a kwanar Tamburello ta daki bangon kankare yana kan gaba. Ya mutu yana da shekara 34, kwana ɗaya bayan mutuwar Roland Ratzenberger ɗan Ostiriya a wannan fili. Brazil ta yi zaman makoki na kwana uku. 'Yar'uwarsa Viviane ta kafa gidauniya da sunansa domin ilimin yara marasa galihu.

Matsalar da ya ƙware a kai tana nan. Motoci sun ƙara tsawo da nauyi, titunan kuwa suna yadda suke, har ta kai a 2025 an tilasta wa direbobi tsayawa sauya taya sau biyu a Monaco ko a samu canjin matsayi.

Mako biyu bayan mutuwarsa aka yi tseren Monaco na 1994. An bar gurabe biyu na sahun farko babu mota, aka zana tutar Brazil a ɗaya, ta Ostiriya a ɗayan.