Abraham Maslow (1908–1970)

An haifi Abraham Maslow a unguwar Brooklyn ta birnin New York da ke Amurka a shekarar 1908. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga daular Rasha. Ya taso cikin kaɗaici, littattafan laburare su ne abokan hirarsa. Ya karanci ilimin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Wisconsin, inda ya sami digirin digirgir a 1934 bisa nazarin halayyar birai.

Haihuwar 'yarsa ta fari da ɓarnar Yaƙin Duniya na Biyu suka karkata akalar bincikensa zuwa ga abin da ke zaburar da mutum. A 1943 ya fito da ra'insa cewa buƙatun ɗan'adam hawa-hawa ne: ci da sha, tsaro, ƙauna, mutunci, sannan cikar kamala. Matakin ƙarshen nan ya faro shi ne daga lura da halayen malamansa biyu, Ruth Benedict da Max Wertheimer. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a 1970.

Abin lura ga malami shi ne, ɗalibin da yunwa ko tsoron bulala ya dabaibaye, da wuya karatu ya zauna masa.