Branch Rickey: Mutumin da ya buɗe wa baƙar fata ƙofa, ya kuma karya farashin matasan 'yan wasa

A tarihin wasannin Amurka, da girmamawa ake ambaton Branch Rickey. Shi ne shugaban ƙungiyar Brooklyn Dodgers da ya ɗauki Jackie Robinson, baƙar fata na farko da ya taka leda a babbar gasar besbol ta zamani, ranar 15 ga Afrilu, 1947. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a ƙasar da a lokacin ake ware wa baƙaƙen fata makarantu da otal-otal, har da famfon shan ruwa. Amma idan aka buɗe littafin lissafi, wani labarin ne ke fitowa. Robinson ya karɓi dala 3,500 a matsayin kafin alƙalami, da albashin dala 600 a wata. Ƙungiyar Kansas City Monarchs ta gasar baƙaƙen fata, wadda daga cikinta aka ɗauko shi, ko sisin kwabo ba ta gani ba. Haka Rickey ya yi sana'arsa kusan shekara 50: ya riga kowa hango yaro mai baiwa, ya ɗaure shi da takarda tun kafin yaron ya san darajar kansa.

An haifi Wesley Branch Rickey ranar 20 ga Disamba, 1881, a karkarar jihar Ohio, cikin gidan manoma mabiya ɗarikar Methodist masu tsananin riƙo da addini. Tarbiyyar ta bi shi har tsufa, domin ba ya zuwa filin wasa ranar Lahadi, duk da cewa kuɗin tikitin Lahadin ba su taɓa ƙin shiga asusun ƙungiyoyinsa ba. A matsayin ɗan wasa bai yi abin kirki ba. Ya ɗan taɓa yi wa St. Louis Browns da New York Highlanders wasa tsakanin 1905 da 1907, sannan ya karanta shari'a a Jami'ar Michigan, ya koma ofis, inda baiwarsa ta ainihi take. Ya yi aikin soja a Faransa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya dawo ya tarar da St. Louis Cardinals, ƙungiyar da yake shugabanta, cikin fatara.

A wancan zamani ƙananan ƙungiyoyin garuruwa masu zaman kansu ne ke renon 'yan wasa, su sayar wa manya da tsada. Mai kuɗi, irin New York Giants, shi ke kwashe na ƙwarai. Rickey ya lura cewa da zarar ya nuna sha'awar wani yaro, mai ƙungiyar zai aika wa attajirai labari, farashi ya tashi, ya zama ya yi wa wasu farauta ke nan. Bayan ya ciwo bashi ya sayi Jesse Haines a kan dala 10,000, sai ya canza dabara. Maimakon sayen amfanin gona, ya fara sayen gonakin. Ya sa hannun jari a ƙungiyoyin Fort Smith da Houston da Syracuse, ya ci gaba da tarawa har Cardinals ta mallaki ko ta ƙulla yarjejeniya da ƙananan ƙungiyoyi fiye da 30, masu ɗauke da ɗaruruwan matasa. Amurkawa gona suka kira tsarin. A Hausa, gandu ya fi dacewa da shi, da duk abin da kalmar ke tunatarwa game da wanda ke noma da wanda ke cin amfani.

Abin da ya sa gandun ya yi riba shi ne wani sharaɗi da ke cikin kwantiragin kowane ɗan wasa, wanda ya ba ƙungiya ikon sabunta yarjejeniya duk shekara ba tare da yardarsa ba. Ma'ana, sau ɗaya tak yaro yake da 'yancin yin ciniki a rayuwarsa, wato ranar da zai sa hannu na farko. Rickey ya fahimci haka fiye da kowa. Ya riƙa buɗe sansanonin gwaji a ƙauyuka, musamman a shekarun karyewar tattalin arziki na 1930, lokacin da ɗan manomi ko ɗan mai haƙar kwal zai sa hannu a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, sau da yawa babu kafin alƙalami ko kaɗan. Lissafinsa shi ne, a cikin tarin yawa za a tsinci nagari. Ta haka aka samo Dizzy Dean da Joe Medwick da Enos Slaughter da Stan Musial, kuma Cardinals ta ci kofin World Series a 1926, 1931, 1934 da 1942. Waɗanda suka yi yawa a gandu sai a sayar wa wasu ƙungiyoyi, Rickey kuma yana da kasonsa na kansa a cikin ribar. Duk dalar da bai ba yaro ba, wani ɓangarenta aljihunsa take komawa.

Kwamishinan wasan na lokacin, Alƙali Kenesaw Mountain Landis, ya tsani tsarin. A 1938 ya gano cewa Cardinals na juya ƙungiya fiye da ɗaya a cikin gasa guda ta bayan fage, sai ya 'yanta 'yan wasanta fiye da 70. Ɗaya daga cikinsu, Pete Reiser, Dodgers ta ɗauke shi a kan dala 100, ya kuma zama zakaran masu bugu na gasar National League a 1941. Hukuncin bai kashe gandu ba. Sauran ƙungiyoyi kwaikwayonsa suka shiga yi.

A ƙarshen 1942 Rickey ya koma Brooklyn, inda ya yi abin da ya fi shahara da shi. Ya sha ba da labarin wani ɗalibinsa baƙar fata, Charles Thomas, da aka hana ɗaki a wani otal a South Bend lokacin yana koyar da wasa a Jami'ar Ohio Wesleyan, da yadda abin ya tsaya masa a rai. Babu dalilin ƙaryata shi. Amma ya kamata a ajiye labarin kusa da wasu abubuwa. Landis, wanda a zamaninsa ƙofar ta kasance a kulle, ya rasu a 1944. Jihar New York ta kafa dokar hana wariya a wajen ɗaukar aiki a 1945. 'Yan jarida baƙar fata, irin su Wendell Smith na jaridar Pittsburgh Courier, sun shafe shekaru suna matsin lamba, kuma Smith na cikin waɗanda suka nuna wa Rickey Robinson. Sannan gasar baƙaƙen fata cike take da ƙwararru da babu wani attajirin babbar gasa da ke taya su. Ga mutum irin Rickey, imani da riba sun haɗu a hanya ɗaya, bai kuma ga dalilin raba su ba.

Ya zaɓi Robinson da kyau, ya nemi ya danne zuciyarsa ga zagi da barazana a shekarun farko, ya kuma tsaya masa lokacin da wasu 'yan Dodgers suka nemi yin bore. Wannan jarumtaka ce, domin sauran masu ƙungiyoyi ba su tare da shi. Inda ya gaza shi ne wajen biyan haƙƙi. Hujjarsa ita ce gasar baƙaƙen fata ba ta da tsari kuma kwantiraginta ba abin dogaro ba ne, don haka ya ɗauki Robinson daga Monarchs, ya ɗauki Don Newcombe daga Newark Eagles, bai biya diyya ba. Masu ƙungiyoyin sun shiga tsaka mai wuya, domin duk wanda ya kai ƙara za a ce yana tare wa baƙar fata hanya. Effa Manley, mai Eagles, ta ƙi yin shiru, kuma a 1947 Bill Veeck na Cleveland ya biya ta kuɗin Larry Doby, abin da ya nuna cewa biyan mai yiwuwa ne. A 1948 gasar Negro National League ta rushe.

A 1950 abokin hannun jarinsa Walter O'Malley ya ture shi daga Dodgers, ko da yake ya tafi da sama da dala miliyan ɗaya kuɗin kasonsa. Ya sauka a Pittsburgh Pirates, ya tarar duniya ta canza. Bayan yaƙi ƙungiyoyi sun shiga rige-rigen zuba wa yara 'yan sakandare kuɗi, har Pirates ɗin kanta ta ba Paul Pettit dala 100,000 watanni kafin zuwansa, yaron kuma bai yi abin a zo a gani ba. Don su kame hannun junansu, masu ƙungiyoyi suka kafa doka cewa duk wanda ya karɓi fiye da dala 4,000 dole a riƙe shi a babbar ƙungiya na shekara biyu, ko da zaman benci zai yi. Tsohon lauyan ya karanta dokar da idon mai neman kafa. Dodgers ta ba wani matashi ɗan Puerto Rico, Roberto Clemente, dala 10,000, amma ta tura shi ƙaramar ƙungiyarta ta Montreal, wanda hakan ya ba wasu damar ɗauke shi a ƙarshen kaka. Clyde Sukeforth, mafaraucin da ya taɓa rako Robinson ofishin Rickey, ya gan shi. Da yake Pirates ce ta ƙarshe a tebur, ita ke da zaɓin farko, kuma a Nuwamban 1954 ta ɗauke shi a kan dala 4,000. Wannan ciniki kaɗai ya isa ya wanke Rickey daga kunyar 1952, shekarar da ƙungiyar ta sha kashi a wasanni 112. Lokacin da Pirates ta ci kofi a 1960, da Clemente da Dick Groat da Bill Mazeroski, waɗanda duk a zamaninsa suka zo, ya riga ya bar kujerar.

Dokar ba ta hana farashi tashi ba. A 1964 Los Angeles Angels ta ba Rick Reichardt dala 205,000, abin da ya tayar da hankalin masu ƙungiyoyi. A Yunin 1965 suka fara tsarin zaɓe bi da bi: ƙungiyar da ta fi rauni ta fara zaɓa, yaron da aka zaɓa kuma ba shi da ikon yin ciniki da kowa sai ita. An tallata shi a matsayin adalci ga ƙananan ƙungiyoyi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma Rick Monday, wanda Kansas City Athletics ta zaɓa na ɗaya a duk faɗin ƙasar, kimanin rabin kuɗin Reichardt ya samu. Ba Rickey ne ya tsara wannan ba, sai dai ya cika abin da gandunsa ya faro, domin ranar cinikin nan guda ɗaya da ta rage wa yaro, ita ma an karɓe ta. Ko da Pirates ta sake buɗe bakin jaka a 2011, ta ba Gerrit Cole dala miliyan 8 da Josh Bell miliyan 5, a shekara mai zuwa aka ƙayyade wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe.

Watanni biyar bayan zaɓen farko, ranar 13 ga Nuwamba, 1965, Rickey ya yanke jiki ya faɗi yana tsaka da jawabi a garin Columbia na jihar Missouri. Bai farfaɗo ba har ya rasu ranar 9 ga Disamba, kwanaki kaɗan kafin ya cika shekara 84. An sanya shi a zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown a 1967, shekara biyar bayan Robinson. Effa Manley da J. L. Wilkinson, mai Monarchs, sai a 2006 aka tuna da su.